Goggo Laraba da 'Yan Sa-kan Unguwarmu

Goggo Laraba, ƙanwar babanmu, ba ta taɓa kiran ɗan sa-kai da muƙaminsa ba. Ungozoma ce, rabin samarin nan ita ta yanke musu cibi a Azare. Kowa na ce wa shugabansu "Kwamanda", ita sai ta ɗaga murya: "Kai, Audu Mai-kuka! Zo ka ɗora mini itacen nan."

Kuma wallahi sai ya jingine bindigar ya ɗora.

Mu dai ra'ayinmu a kansu ya rabu. Wasu su ce tun da suka fara sintiri aka daina kore shanu a hanyar Chinade. Wasu su ce in suka kama ka, sai ka sha kulki kafin a tambayi sunanka. Goggo ta ce duka biyun gaskiya ne. Takan dama musu kunu in za su daji, tana miƙawa tana faɗa.

Wata rana ɗayansu ya tare ta a shingensu, yana taƙama da layu, wai ƙarfe ba ya cinsa.

Ta ce, "Ƙarfe? Ni da reza na raba ka da uwarka, ta ci kuwa! Matsa in wuce."

Sai ranar da suka kama Bello, mijin Yaya Dije mai kawo mana nono. Wai an ga Bafulatani kusa da inda aka yi sata. Shi ke nan hujjar! Dije ta shigo mana tana kuka, ta ce an ɗaure shi, yau za su tafi da shi daji ya nuna ɓarayi. Na ce, "Goggo, a bi a hankali."

Ta ce, "Ke bi. Ɗauko min tabarma."

A bakin ƙofar ofishinsu ta shimfiɗa, ta miƙe ƙafa. Audu ya fito yana huci.

"Goggo, wannan aikin tsaro ne."

"To tsallake ni."

Wa zai tsallake ƙafar tsohuwa? Ya tsaya. Ta ce, "Matarka ta haihu, ni nake mata wankan jego, ba zan fasa ba, ita ba ruwanta. Amma ranar suna, gaban surukanka, zan faɗi shekarun da ka kai kana jiƙa wa uwarka katifa. In Bello na da laifi, ga 'yan sanda, ga alƙali. Daji kam sai ta kaina."

Yaransa suka juya baya, kafaɗu na rawa don dariya. Kafin la'asar Bello yana gida.

Da Goggo ta rasu, Dije ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna. Allah Ya ji ƙan Goggo. Yadda ta tsaya wa mara gata, Ya tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Amin.