Kafintan da Ake Kira Takwas

A layin kafintoci kowa Takwas yake kiransa, kuma 'yarsa ce ta ja masa sunan. Ma'aikaciyar jinya ce, tumbin uban ya tsone mata ido. Wata rana ta same shi a shago, garin katako har a gemu, ta ce, "Baba, mutanen Japan fa ba sa ci su yi nak. In ciki kashi goma ne, takwas suke cikawa su tsame hannu. Biyun da aka bari su ke riƙe mutum."

Ya ce, "Na ji."

Ya ji ɗin, amma ko loma bai rage ba. Kan aiki ya juya maganar. Mutumin da ya shekara talatin bai taɓa mayar da mai aiki ba, sai ga shi in goma sun zo ya karɓi takwas. Ƙarfe huɗu na bugawa ya rataye zarto, ya ja ƙofa. Maƙwabta suka yi ta tsiya, wai tsufa ya zo da lalaci.

Ba lalaci ba ne. Matarsa ce ɓarin jikinta ya shanye, likita ya ce kullum sai ta taka, in aka yi sake ƙafar ta tafi ke nan. Ita kuwa ga taurin kai, ba ta dafa kafaɗar kowa sai tasa.

Ana haka wani ɗan kwangila ya zo da aikin bencin makaranta ɗari biyu, a wata guda. Bai taɓa samun irinsa ba, har ya kai hannu ga fensirin da ke kunnensa. Sai ya ga wata guda ke nan ba wanda zai fito da matarsa ta taka. Ya nuna wa mutumin shagon maƙwabcinsa.

Da yamma suna tafe a hankali, tana dafe da kafaɗarsa, ta ce, "An ce ka kori arziki. Kai dai ba ka da wayo."

"Taka dai, Hajiya."

Suna kaiwa wajen turken lantarki ta janye hannunta. "Matsa, ka tare min hanya."

Taku goma sha ɗaya ta yi ita kaɗai, yana biye da ita, hannuwa a buɗe. Ƙaton mutum ya tsaya tsakiyar titi yana hawaye, yana ce wa mai shagon da ke kan kwana, "Ka gani? Matata ce fa!"