Daddawar Inno da Bidiyon Luba

Ba zan iya rantsewa a kan shekaruna na lokacin ba. Mahaifiyata ta ce takwas, Baffa Sambo ya ce bakwai, ni kuwa na fi karkata ga maganar mahaifiyata tunda ita ta haife ni. Abin da nake da tabbaci a kansa shi ne wurin: tsakar gidanmu a unguwar Gawon Nama, kusa da bangon gabas, inda kakata Inno, mahaifiyar babana, ta kafa murhunta. Daddawa take yi. Kalwa kuwa ba ta nuna da wuri, saboda haka sau da yawa magariba kan riske ta tana tura icce ƙarƙashin babbar tukunya. Da ta sallame salla sai mu kewaye ta, mu na gida da yaran maƙwabta, hasken wuta yana wasa a fuskokinmu, ƙamshin miyar da ake haɗawa a madafa yana ratso mu.

A cikinmu akwai Luba, ɗiyar Goggo Hajo ƙanwar babana, wadda Inno ke riƙo. Na girme ta da wata huɗu, kuma ban taɓa bari ta manta da hakan ba. Amma ita ke zama a jikin Inno, ta jingina kai a cinyarta, ni kuwa wurina can gefen icce. Ba wanda ya tsara haka. Ni dai na lura, kuma ya tsaya mini a rai.

Inno tana da nata mabuɗin. Sai ta gyara zane ta ce, “Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?” Mu amsa baki ɗaya, “Mu na!”

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta 'yan'uwa biyu masu daddawa. Uwarsu ta kwanta ciwo, sai ta raba musu daddawar da ta yi gida biyu, ta ce su kai kasuwa. Babbar ta ɗauki faifanta ta bi layi-layi tana shela. Tana faɗin dajin da aka tsinko ɗorawar, da sau nawa aka wanke kalwar, da kwana nawa aka rufe ta, da rantsuwar cewa babu tsakuwa ko ɗaya a ciki. Duk gaskiya ta faɗa. Mutane suka saurara, suka gyaɗa kai, suka wuce. Ƙaramar kuwa ba ta shiga kasuwa ba. Ta zauna a gindin tsamiya, a hanyar da manoma ke bi in sun taso daga gona, ta hura wuta, ta ɗora 'yar tukunya, ta kaɗa miya. Da ta hango su tafe sai ta buɗe murfi. Ta gutsuri tuwo, ta dangwala, ta kai baki.

A nan Inno takan tsaya. Sai ta ɗaga hannu kamar da loma a ciki, ta kai baki a hankali, ta lumshe ido, ta yi shiru. Mu duka mu yi shiru tare da ita, kana jin yara suna haɗiyar yawu. Sa'annan ta buɗe ido ta ce manoman nan ba su bar ko dunƙule ɗaya a faifan ba.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne sunan ƙaramar. Luba. Babbar ba ta da suna, amma duk lokacin da Inno ta kwaikwayi shelarta sai ta ɗaga ɗan yatsa tana lissafi, daidai yadda nake yi in ina gardama, yara kuma su juyo su dube ni.

Na rama ta hanyar da na iya. Na samo wani tsohon littafin makaranta, na riƙa rubuta abin da ta faɗa kowace rana.

“Inno, jiya kin ce sau bakwai aka wanke kalwar. Yau kin ce biyar.”

“To, Alƙali. Ruwa yay yi wuya yau.”

“Kuma shekaranjiya gindin kuka kika ce, ba tsamiya ba.”

“An sare kukar. Kai wanga miji nau, da kai za ni zama da ban ga tsuhwa ba. Luba, mi nic ce jiya?”

Luba ta ce, “Ni ban riƙe ba, Inno. Ki sake yin wurin lomar.”

Inno ta yi dariya ta shafa kanta. Ni da na riƙe komai aka kira Alƙali, wadda ba ta riƙe komai ba aka shafa wa kai. Na kwanta a ranar ina ganin ba a taɓa yi wa wani rashin adalci irin wannan ba.

Wata rana na yi tambayar da na ɗauka za ta kayar da tatsuniyar gaba ɗaya. Na ce, ta wa ta fi kyau, daddawar babbar ko ta ƙaramar? Inno ta dube ni ta ce, “Tukunya guda anka ɗebo su.” Na ce ashe an zalunci babbar. Ta ce, “Ba wanda yaz zalunce ta. Kunne tay yi ma magana, kunne kuwa ba ya cin tuwo.”

Sai talabijin ta shigo unguwa. Maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwar yadi, ya sayo ta, yana fito da ita zaure in an kawo wuta. Cikin mako guda da'irar Inno ta koma ni da Luba da ƙannena biyu. Har ma akwai wata tallar dunƙulen ɗanɗanon miya da yara suka haddace waƙarta, suna rerawa a bakin ƙofarmu, a gaban faifan daddawar da aka shanya. Matan unguwa suka rage aike. A lokacin na fara ganin kishi a fuskar babban mutum. Inno takan ji waƙar ta tsuke baki, ta tura icce da ƙarfin da bai kamata ba.

Rannan ta yafa mayafi ta ce mu raka ta ta ga abin da ya kwashe mata yara. Matar gidan ta shimfiɗa mata tabarma daga ciki, inda ake hango akwatin. Ba ta kula da wasan kwaikwayon ba. Da tallar ta zo sai ta miƙe zaune. Wata mata ce a madafa mai ƙyalli, ta buɗe murfin tukunya, tururi ya tashi, maigidanta ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

Inno ta ce, “Wagga ɗiya ta sace min tatsuniya.”

Muna komowa gida tana ta magana, rabi da mu rabi da kanta. “Kun ji sun hwaɗi abin da ac ciki? Ba su hwaɗi ba. Huska sunka nuna. Kuma sun san sa'ad da za su nuna ta.” Na rubuta jimlolin nan huɗu a littafina. Na tabbata da su domin littafin yana nan har yau. Jimlar ƙarshe na rubuta ta ne kawai don kada in bar komai, ban tsaya na tambayi me take nufi ba.

Inno ta rasu ina aji biyu a jami'a, inda na karanci sadarwa. Kundin kammala karatuna a kan tallar talabijin na rubuta shi, na bi littattafan da na samu a kan jan hankali da maimaici da waƙa da amincewar mai kallo, kuma ban sa ko jimla ɗaya da ban duba tushenta ba. Luba kuwa ta tsaya a sakandare, ta koma taya mahaifiyarta sana'ar Inno, wadda yanzu suke daka daddawar su zuba a ƙananan robobi.

Bara Goggo Hajo ta ce tana son a yi mata bidiyon talla na sakawa a waya, domin ciniki ya tsaya cik, robobi suna jibge a ɗaki. Ta ce da ni, “Kai kay yi karatun abin.” Raina ya yi fari. Na ga ranar da za a san wane ne a cikinmu ya gaji Inno da gaske, wanda ya adana maganarta ko wadda ta yi barci a cinyarta.

Na yi mako biyu ina shiri. Na aro kyamara, na rubuta bayani na minti uku: inda ake sayo kalwa, yadda ake wanke ta, kwanakin da take yi a rufe, da tsabtar wurin aiki. Na cire kalmar “mafi kyau” domin ba ni da hujjar da zan kare ta. Na sa Goggo ta zauna a kujera ta karanta. Muka saki bidiyon da safe, bayan na sake kallonsa sau da yawa ina neman kuskure. Ban samu ba. 'Yan'uwa suka yaba, wani malamina ya ce aikin ya tsaru. Robobin kuwa ba su motsa ba.

Bayan kwana goma sai ga wani bidiyo yana yawo a wayoyin dangi. Bai kai rabin minti ba, kuma hoton yana ɗan rawa. Hannun Goggo ne yana ɗaga murfi, tururi ya rufe fuskar wayar, sai Baffa Sambo a kan tabarma ya kai loma, ya lumshe ido, ya daɗe, sa'annan ya miƙa kwano ba tare da ya buɗe idon ba ya ce, “Hajo, ƙaro.” Daga nan sai robar daddawa. Shi ke nan. Kafin mako ya zagayo Goggo ta sake ɗora kalwa, har daga unguwar Gidan Igwai ake aiko masu Keke mai ƙafa uku su karɓa.

Na kalli bidiyon nan fiye da yadda na kalli nawa, kuma dole in faɗi gaskiya, aibu nake nema. Na je na sami Luba, wadda ta ɗauke shi, tana liƙa murafu.

“Kin gaya wa Baffa ya rufe ido?”

“Alƙali ya iso. Bai ma san ina ɗauka ba.”

“To yaya aka yi ya yi haka?”

“Na hana a ba shi abinci har la'asar. Nic ce itace ya jiƙe.”

Na ce wannan ai dabara ce. Ta ce miyar dai ta gaskiya ce, yunwar ma ta gaskiya ce. Sa'annan ta tambaye ni ƙarfe nawa na saki nawa. Na ce takwas na safe.

“Mutane sun sha kunu sun ƙoshi. Ni sai da azahar ta gabato nis saki. Kai da kar rubuce komi, ba ka rubuta sa'ad da Inno ka yi muna tatsuniya ba?”

Na buɗe baki in ce bayan magariba, sai na tsaya. A duk gidajen da na sani, sai an ci tuwon dare ake tatsuniya. Inno kaɗai ke yin tata kafin a kwashe, muna zaune da yunwa, ƙamshin miya yana fitowa daga madafa. Yaran maƙwabta su tashi daga nan su tafi gida su tarar da miyar uwayensu, su ce ba ta kai ta tatsuniya ba. Da safe a aiko su sayen daddawa. Tallar talabijin ɗin nan ma, da na tuna, daidai wannan lokacin ake sa ta. Abin da Inno ta gani ke nan daga kan tabarma, kuma yana rubuce a littafina da hannuna shekara da shekaru.

Na dawo gida na buɗe littafin. Akwai sau bakwai, akwai sau biyar, akwai kuka da tsamiya, kowanne da ranarsa. Babu inda na rubuta cewa ina jin yunwa. Ina tsammanin na shagala da ƙirga kurakuran Inno da kallon kan Luba a cinyarta, har ban ji cikina ba.

Ba zan ce kishin ya tafi ba, domin ba zai zama gaskiya ba. Har yanzu in na ji muryar Baffa tana cewa “ƙaro” daga wayar wani a cikin Keke, sai kishin ya motsa. Na dai daina cewa an zalunci babbar. An ba ta daddawa iri ɗaya da hanya iri ɗaya, ta zaɓi ta yi bayani.

Watan jiya Luba ta kira ni ta ce suna son takardar da za a manna a bayan roba, mai faɗin abin da ke ciki da yadda ake adana shi. Ta ce, “Wanga aikinka na, ba wanda za ya yi shi awa kai.” Ban gane ko yabo ne ko tsokana ba, kuma ban tambaya ba. Na rubuta layi huɗu, na duba su sau uku, aka buga su da ƙananan haruffa a ƙasan hoton tukunya mai tururi. Iyakar sanina, ba wanda ya taɓa karanta su. Amma babu kuskure ko ɗaya a ciki.