Wa Ya Yi Masa Wanka?

Shekarar da zan gama sakandare a unguwarmu ta Bronx, wata jami'a mai nisa da gida ta ɗauke ni, kuma ba inda za ni sai Baba ya amince. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ana cikin haka ya tsinci littafin da aka ba mu a ajin adabi, na bar shi a kan kujerar falo. A bangonsa ga hoton wata mace da kofin giya a hannu. Kaico, ni da sakaci!

Ranar Lahadi bayan la'asar ya kira ni.

"Wannan za ki je ki karanta a can?"

"Baba, labari ne kawai."

"To zauna ki ba ni labarin. Da Hausa."

Na zauna a ƙasa. Mama ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu. Labarin wani saurayi ne da ya shigo birnin nan ya samu dukiya, daga nan sai shagali: giya, ƙwaya, mata, yau wannan gida gobe wancan. Na fara sassauta abin. Inda aka ce ya bugu, sai in ce ya gaji.

"Ke!" in ji Baba. "Tun kafin a haife ki nake tuƙa tasi a Manhattan. Irinsu nawa suka yi mini amai a mota? Faɗi yadda yake."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce a zuciyata tunda haka yake so, bismilla. Na zazzage masa komai, kunya kamar in nutse. Yadda saurayin ya sayar da agogon ubansa, yadda abokai suka daina ɗaga wayarsa, har inda mai shara ta buɗe ɗakin otal ta same shi ya sandare.

"Sai me?"

"Shi ke nan. Nan ya ƙare."

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ba a faɗa ba, Baba."

Baba yana cikin dattawan da ke wankan gawa a masallacinmu na kusa da titin Grand Concourse, amma bai taɓa kawo zancen gida ba. Ran nan ya kawo.

"Mai littafin nan ya tsaya da wuri," ya ce. "Watan jiya na wanke irinsa. Ɗanmu ne, tare kuka yi Islamiyya. Hannunsa duk sawun allura, ina wankewa ina rufewa kada ubansa ya gani. Uwarsa a Kumasi har yau ta ɗauka ciwon zuciya ne ya kashe shi."

Na gane wanda yake nufi. Na ce a raina tafiyata ta rushe.

Ya miƙo mini littafin da hannu biyu.

"Ki je makarantarki, Allah ya yi miki albarka. Amma ki riƙe abu ɗaya. Mace, mata ke yi mata wanka. In kika dawo mana haka, ba ni zan yi ba." Ya nuna bakin kicin da haɓa. "Ita za ta yi."

Na juya. Mama tana nan inda take, miya na ɗiga daga ludayin a kan kafet, ba ta ma sani ba.