Furar Hassan ba ta yi tsami ba

Ina ƙarami ruwan kanal na noman rani ya iso ƙauyenmu, kusa da Bunkure, aka sake yanka gonaki, tsofaffin iyakoki suka ɓace. Da rani, bayan isha'i, mukan kewaye wutar kara, kakarmu Iya Dije tana gasa mana masara tana tsokanata da "mijina rago".

Ran nan ba ta tsokani kowa ba. Da la'asar Baffa Sale, ƙanin babana da ya daɗe a Ikko, ya dawo ya tarar kanal ya ratsa gonar gado. Ya zaro adda ya sari babana a kafaɗa, yana ihun an cinye masa ƙasa. Baba na ɗaki, jini ya jiƙe tsumma. Baffa na zaure, an ɗaure masa hannu.

"Ku matso," in ji Iya. "Tatsuniyar yau ba ta dariya ba ce."

Wasu tagwaye ne, Hassan da Hussaini. Hassan ya hau dokin aljanu, riƙe da furar da uwarsu ta dama masa. Doki ya zabura. Shi a ganinsa yana zaune cak, garin ne ya gudu, kamar yadda in ka tsaya kan gada ka ƙura wa ruwa ido sai ka ji gadar ce ke tafiya. Ya ja linzami ya juyo, furarsa ko tsami ba ta yi ba. A gonar ubansu ya iske wani tsoho yana noma.

"Fita daga gonarmu!"

Tsoho bai fita ba. Hassan ya fizge fartanya ya rotsa masa kai. Tsoho ya faɗi, jini na bin furfura, ya ce, "Hassan, sai yanzu?" Ashe Hussaini ne.

Na ce, "Iya, to wa ya tafi ya bar wani?"

"Kowa zai rantse shi yana nan." Ta ɗaga murya wajen zaure. "Amma ɗaya ne ya ja linzami ya juyo!"

Da na girma, malamin kimiyya ya koya mana cewa mai gudu kusa da na haske lokacinsa jan ƙafa yake, kuma wanda ya juyo shi ke dawowa da ƙuruciya. 'Yan aji suka yi ta mamaki, ni kuwa na tuna da tatsuniyar Iya. Hannun Baba bai sake ɗaga fartanya ba. Baffa kuwa, har ya rasu, in ya dubi kafaɗar nan sai ya ce, "Wallahi ni jiya-jiya na tafi."