Azumin Ƙarya a Kan Sabuwar Doya

Mun tashi da asuba daga Masaka ranar Asabar ɗin da ta wuce, ana idar da salla muka kama hanya. Mu uku ne a motar: ni, da matata, da wani abokina ɗan Zariya mai shagon kayan masarufi a unguwarmu, wanda ya karɓi tuƙi saboda yana son ya sayo doya da araha. Duk wanda ya san cunkoson Mararaba da Nyanya ya san dalilin wannan sammako. Mun ratsa su kafin masu kasuwa su baje kaya a bakin titi, muka keta cikin Abuja ta titin filin jirgi, gari yana wayewa a bayanmu.

Wani ƙauye muka nufa a gaban Kwali. Shekara ashirin da huɗu ke nan da aka tura ni can bautar ƙasa, na koyar a makarantar garin. Wani manomi ɗan ƙabilar Gbagyi ne ya ba ni ɗaki a gidansa. Kirista ne, amma shi ya saya mini buta, ya kuma nuna mini gabas tun ban tambaya ba. Baba nake kiransa, matarsa kuma Mama, su kuwa har yau Ticha suke ce mini. Tun daga lokacin, duk shekara idan doya ta yi, nakan je. Baba ya kafa wa gidansa doka cewa ba mai ɗanɗana sabuwar doya sai ni da shi mun sa hannu a akushi ɗaya. Ba al'adar ƙauyen ba ce, tasa ce shi kaɗai, kuma bai taɓa karya ta ba.

Bana kuwa da nauyi a zuciya na tafi. Wata takwas da suka wuce, bayan na yi fama da ƙishirwa da yawan fitsari da kasalar da na ɗora wa aiki, likita ya gwada jinina ya ce ina da ciwon suga. Ya ɗora ni a kan ƙwaya, ya tsara mini abinci, ya ce idan ban kiyaye ba allura ce gaba. Na kiyaye. Na bar lemon kwalba, na koyi shan shayi ba suga, tuwo ya koma gwargwadon dunƙulen hannuna, ganye da wake suka cika sauran faranti. Kullum bayan sallar asuba nakan yi tafiyar minti arba'in. Sau biyu na kai wandunana wajen tela a rage ƙugu. Abu ɗaya ne na kasa: ban gaya wa kowa ba sai matata. A ofis nakan ce motsa jiki nake yi, 'yan uwa kuwa na ce musu aiki ne ya yi yawa. Na sha tambayar kaina me nake ɓoyewa, tunda ba sata na yi ba. Amsar da na samu ba ta da daɗi: ba na son a fara kallona a matsayin wanda ya soma gangarowa.

Ita kuwa sakwarar Mama ba a cin ta da awo. Malmala uku take ajiyewa, kowace ta kai ƙaramar ƙwarya, kuma a gidan nan ragin baƙo yana nufin girkin bai yi ba, ko kuma zuciyarsa ta bar gidan. Zaɓi biyu nake gani a gabana: in cinye in rushe aikin wata takwas, ko in ture akushin dattijo mai shekara kusan tamanin a gaban iyalinsa.

A mahaɗar Giri masu talla suka yi mana caa, da burodi da ayaba da gasasshiyar masara, ana cuso su ta taga. Abokina ya sayi ƙosai da lemo mai sanyi, ya riƙa kurɓa yana lumshe ido kamar da gangan. Ni na sayi yalo da dafaffiyar gyaɗa, na ba matata ta ajiye a cikin kular da ta zubo mini alale da ƙwai. Gwagwalada tun da hantsi ta fara zafinta. Daga nan hanya ta buɗe, gonakin dawa da masara kore shar hagu da dama, manyan motoci suna ta wucewa zuwa Lokoja. A Kwali muka ga tukwanen ƙasa a jere, da tulin doya wadda kuɗinta bai fi rabin na kasuwarmu ba, har abokina ya fara rage gudu ba tare da an ce masa ba. A daidai nan ne dabara ta faɗo mini, na kuma ji daɗinta ƙwarai. Zan ce azumi nake yi. Ba wanda zai ji haushin mai azumi, musamman Baba da yake girmama ibadata fiye da wasu Musulmi.

Hanyar ƙauyen ta ƙasa ce, damina ta cinye gefenta. Sau biyu muka sauka muka taka da ƙafa domin motar ta haye kwazazzabo. Mun isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Baba yana zaune ƙarƙashin mangwaro, ya tashi ya rungume ni, sannan ya ja baya ya dube ni sama da ƙasa.

"Ticha, ina sauran ka? Rabi ne ya zo, rabi yana Abuja?"

Mama ta fito tana tafa hannu, ta kama matata tana cewa, "'Yata, ba ki ba shi abinci ne?" Hausarta irin ta mutanen yankin ce, ba ruwanta da bambance namiji da mace. Ta ce mini, "Zauna, doya yana wuta, yanzu za ta ƙoshi."

Na gyara murya na ce, "Mama, ki yi haƙuri, yau azumi nake yi."

Matata ta juyo ta dube ni. Abokina ya matso kusa da kunnena ya ce, "Oga, yau fa Asabar ce. Litinin da Alhamis na sani, wannan sabuwar fatawa ce?" Na taka masa ƙafa.

Na zaci Baba zai ce to su ci, a ɗaure mini tawa doyar in tafi da ita. Abin da ban lissafa ba shi ne irin mutumin da nake magana da shi. Ya gyaɗa kai da girmamawa, ya juya ya yi magana da yarensu, sai na ga an fara janye itace daga murhu.

"Abin Allah ya fi doya," in ji shi. "Za mu jira. Rana ta faɗi, ka sha ruwa, sai mu ci."

Gidan nan akwai mutum sama da goma, da surukai da jikoki, kowa ya wuni da ɗokin sabuwar doya, ga shi na rufe musu tukunya da ƙarya. Na kuma rufe wa kaina kular matata, domin mai azumi ba ya cin alale. Rabona da abinci tun kafin asuba, na kuwa haɗiyi ƙwayar da ba a wuni a kanta da yunwa. Duk wannan na sani. Na yi karatu har jami'a, na karanta takardar maganin tun daga farko har ƙarshe. Amma girman kai ba ya karatu.

Bayan azahar Baba ya ce mu je in ga gonar, kamar yadda muka saba. Tana da ɗan nisa, a gindin wani dutse. Kunyoyin doya sun tashi kamar ƙananan rumbuna, ganye ya nannaɗe sanduna, ƙasa baƙa tana ƙamshin ruwa. Baba yana gaba yana nuna mini inda ɓeraye suka yi ɓarna da inda ya canja iri. Ina amsawa, amma muryarsa ta fara yi mini nisa. Gumi mai sanyi ya keto mini, idona ya dushe. Na zauna a kan kunyar doya ba shiri.

Matata ta iso gare ni da sauri. Ta buɗe jakarta ta ciro ƙwayoyin alewar suga da take yawo da su saboda ranar da sugana zai faɗi, ta miƙo mini da gorar ruwa. Baba ya tare hannunta.

"A'a, 'yata! Za ki karya masa azumi!"

Ta ce mini, "Malam, ka gaya masa ko in gaya masa."

Na karɓa na tauna, na kora da ruwa. Da idona ya washe, na ce, "Baba, ba azumi nake yi ba. Ƙarya na yi maka. Ciwon suga gare ni, likita ya hana ni cin sakwara da yawa, na ji kunyar in rage abincin Mama."

Wannan ne karo na farko da na faɗi sunan ciwon da bakina ga wani ba matata ba. Baba ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Ticha, shekara ashirin da huɗu. Ka ɗauka doya nake so ka ci? Kai nake so ka zo." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ka sa jikokina yunwa, ka sa Allah a ciki. Wannan ne ya ɓata mini rai, ba ciwo ba."

Gaskiya ya faɗa. Abokina ne ya cece ni, ya ce, "Baba, a yi masa afuwa. Ni dai tun da safe na san azumin nan ba shi da liman." Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa.

Da muka koma gida na maimaita maganar a gaban Mama da kowa, a tsaye. Mama ta yi tsaki ta ce ai matar limamin cocinsu ma tana da shi, kuma ita take dafa mata abinci idan an yi taro. Ta kama hannuna ta dunƙule shi, ta duba girmansa da kyau kamar mai auna gishiri, ta shige madafa. Da akushi ya fito, gefen Baba malmala ce irin ta kullum, gefena kuwa 'yar dunƙule ɗaya, an kewaye ta da miyar ganye mai yawa da busasshen kifi da naman kaza. Muka wanke hannu. Na yi bismilla, ya yi addu'arsa, muka sa hannu tare. Sai a lokacin sauran gidan suka fara ci, da hayaniyar da ta nuna mini girman laifina. Ban taɓa jin daɗin sakwara irin na ranar ba. Da can haɗiya nake yi in ga ƙarshen akushi, wannan karon kuwa kowace loma na san da ita.

Bayan la'asar, da na huta ƙarfina ya dawo, na ce zan hau dutsen da ke bayan gonar. Rabona da kaiwa samansa ya fi shekara goma. Bara ma a rabi na tsaya ina haki, na fake da cewa takalmina ne. Matata ta yarda da sharaɗin za ta biyo ni da jakarta. Muka hau a hankali, muna ratsa ciyawa da santsin dutse. Abokina, wanda ya ci malmala biyu da rabi, ya zauna a kan wani falale ya ce shi daga nan ma yana ganin komai. Ni na kai har ƙoli, numfashina daidai. Daga can na hango rufin makarantar da na koyar, da hayaƙin gidan Baba, da gonaki har iyakar gani. Na zauna na huda yatsa na gwada jinina, awa biyu bayan sabuwar doya. Lambar ta fito a inda likita yake so. Na nuna wa matata, ta duba, ta ce, "Alhamdu lillahi. Saura ka daina wayo."

Mun bar ƙauyen rana tana shirin faɗuwa, bayan mota cike da doya har ta sunkuya. Baba ya leƙo ta taga ya ce baɗi in zo da wuri, kuma in zo da bakina a buɗe. Mun yi magariba a Gwagwalada, muka tarar da cunkoson Nyanya yana jiranmu kamar yadda ya saba, muka isa Masaka an daɗe da idar da isha'i.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba game da doya ba ne. Wata takwas ina ganin babban yaƙina da suga ne da tuwo da shinkafa, kuma na ci wannan yaƙin, dutsen nan shaida ne. Amma abin da ya kayar da ni a kan kunya ba abinci ba ne, ɓoyo ne. Mutanen da nake tsoron su raina ni, su ne suka auna hannuna suka girka mini daidai da shi. Mai irin ciwona yana bukatar magani da tsari da tafiyar ƙafa, yana kuma bukatar waɗanda suke ciyar da shi su san gaskiya. Na nemi gafarar Allah a kan azumin da na ƙaga. Washegari da safe na ɗauki waya na kira yayana, wanda ya girme ni da shekara huɗu, na gaya masa komai. Ya tambaye ni yadda abin ya fara. Da na ambaci ƙishirwa da yawan fitsari, sai ya ce shi ma abin da yake fama da shi ke nan. Jibi zan raka shi asibiti.