Buhunan da Ilu Ya Ce Gari Ne

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Ilu. Yunwa ce ta kashe shi, a shekarar farin da sojoji ke mulki, iyakar Najeriya kuma tana rufe. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba. Ƴarsa Rabi ke rubuta mini wannan.

A lokacin tele ɗaya ce a unguwarmu ta Matameye, ta gwamnati, mai batir. Wani soja ke riƙe da makullinta, shi ke fito da ita bayan magariba. Ran Juma'a ake nuna wani wasa na Turawa, da Faransanci. Mutane ne ke ɗaukar buhunan farin gari daga ƙasa zuwa ƙasa, a jirgin ruwa, a ƙarƙashin mota, ƴan sanda na binsu. Ilu ya yi dako a bakin teku a Kwatano, yana jin Faransanci kaɗan, don haka shi ke tsayawa gefen tele yana fassara.

Ranar farko ya faɗi gaskiya. Ya ce garin nan ba na ci ba ne, guba ce, ana shaƙa a bugu, ta fi zinariya tsada. Inna Tabawa mai ƙosai, wadda ta kife kaskonta tun da wake ya ƙare, ta ce, "Ilu, ka ji tsoron Allah. Wa zai harbi ɗan'uwansa a kan abin da ba ya cika ciki? Gani ya kori ji. Fulawa ce." Jama'a suka goya mata baya. Ilu ya dube su, ya ce, "To, Inna, fulawa ce."

Daga nan labarin ya zama nasa. Masu buhu suka zama masu kai wa mayunwata abinci, ƴan sanda suka zama duwan, ƴan kwastan masu tare kaya a iyaka. In mota ta tsallake shinge sai a yi guɗa. Sojan yana jin Faransanci, bai taɓa ƙaryata Ilu ba. Shi ma ɗan ƙauye ne.

A gida ƴaƴan Ilu uku na shan dusa da ganye. Nasa rabon yakan tura musu ya ce ya ci a waje. Ƙafafunsa suka fara kumbura, sai ya koma fassara a zaune.

Wata Juma'a ƴan sandan suka kama buhunan, suka tara, suka zuba fetur suka cinna wuta. Can Inna Tabawa ta fasa kuka, mata suka kama, wani ya jefi tele da takalmi. Sojan ya rufe ta ya tafi da ita, ba ta sake fitowa ba. Mutane suka bi Ilu har ƙofar gida suna tambayar yadda wasan ya ƙare. Shi ma bai gani ba. Ya ce buhu ɗaya ya tsira, ya isa wurin yara.

Washegari na ce masa, "Yaya, da gaske gari ne?" Ya ce, "Guba ce. Amma hanyar da suka bi hanya ce. Ka ɗauki jakina."

Na ɗauka. Na bi daji na kauce wa duwan, na shiga ƙasar Daura. Na sayar da rigar aurena da akuyar matarsa. Abin da na samu rabin buhun garin rogo ne. Da babu gara ba daɗi. Na iso gida na tarar an binne Ilu. Ban yi kuka ba. Na sauke buhun, matarsa ta jiƙa garin, yaran suka sha. Duka ukun sun rayu.

Yau irin wannan wasa yana cikin wayar kowane yaro. Jikan Ilu ya nuna mini ɗaya, ya san sunan farin garin nan da kuɗinsa da ƙasar da ake yinsa. Na ba shi labarin Inna Tabawa, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ban hana shi ba. Abokansa biyu suna zaune a tasha ido ja, ƙwayar da ake tsallakowa da ita ta cinye su. Hanyar dajin da na bi da jaki ita ake bi da babur.

Ban san abin da Ilu zai ce ba. Sojoji sun sake dawowa, damina tana zuwa tana ƙi. Ina jin zai tsaya gefen wayar ya faɗi gaskiya, kuma wannan karon za a yarda da shi, don kowa ya riga ya ga ɗan wani da ƙwaya ta kwantar. Ko ya ji daɗin hakan, Allah ne masani.

Wasu suna cewa ƙarya ya yi wa mutane. Ya yi. Inna Tabawa ta mutu tana cewa fulawa aka ƙona. Amma buhu ɗaya ya isa wurin yara, ni na ɗauko shi, wadda ta sha kuma ita ke riƙe da alƙalamin nan.

Ilu yana maƙabartar hanyar Tsauni, ruwa ya shafe alamar kabarin. Ni ina Matameye, ina sayar da garin rogo a kasuwa.