Gyaran da Na Yi wa Malamina

A shekarata ta farko ta koyar da Turanci a wata sakandare a Kalgo, malamina na firamare ya zo mini daga Gwandu. Shi ya fara koya mini haɗa baƙi. Lokacin ya yi ritaya yana noman albasa wajen Masama, har ya ɗauro mini rabin buhu a bayan mashin ɗin haya.

Na kai wata tara ban leƙa shi ba. Ya same ni a ofishin malamai, mu biyar. Bayan gaisuwa ya dube ni da murmushi, ya ce da Turanci, "Have I offended to you?"

Nufinsa, ko ya ɓata mini rai ne na ɗauke ƙafa. Na gane sarai, amma lokacin digiri na ɗibata. Na ce, "Malam, ai ba a sa kalmar 'to' bayan 'offend'." Ban tsaya nan ba. Na shiga yi masa bayani cewa kalmar tana nufin ɓata wa mutum rai ko saɓa doka, asalinta Latin ne, inda take nufin bugun abu ko yin tuntuɓe da shi, ta bi ta Faransanci ta shigo Turanci. Kwana biyu kafin nan na gani a ƙamus, dama ina neman wanda zan gaya wa.

Malamin lissafi ya tuntsire da dariya.

Malam ya gyara zaman hularsa. "To, madalla, ɗana. Yanzu ka hi ni sani."

Bai taɓa ruwan da na kawo masa ba. Na raka shi bakin titi. Sai da mashin ya ɓace na tuna ban amsa tambayarsa ba.

Da Sallah na je gidansa. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya tambayi iyali. Da can da Turanci yake tarbata, yana jin daɗi maƙwabta su ji mu. Ranar kuwa Hausa zalla ya yi. Na buɗe baki zan nemi gafara, baƙi suka yi sallama, na bar shi sai wani zuwan.

Da damina ya rasu. A wajen zaman makoki babban ɗansa ya ce mini a 'yan watannin ƙarshe Malam ya daina karanta wa mutanen unguwa takardun asibiti, sai ya ce su kai wa masu digiri. Ɗan bai san dalili ba, ni kuma ban gaya masa ba.